Yadda Haraji Ya Raba Amurka da Ingila

Ƙasar Amurka, wadda yau ba wanda bai san sunanta ba, a da can ba ƙasa ɗaya ba ce, ba ta kuwa mulkin kanta. Yankuna 13 ne a jere a bakin Tekun Atlantika, kowane da gwamnansa, dukansu kuwa a ƙarƙashin Sarkin Ingila. Babbansu Bajiniya, inda Turawan Ingila suka sauka a shekarar 1607. Autansu Jojiya, wadda aka fara zama cikinta a 1733. Mutanen waɗannan yankuna ba wata baƙuwar kabila ba ce da Ingila ta ci da yaƙi. Yawancinsu jikokin mutanen Ingila ne da suka ƙetare teku, waɗansu don neman ƙasar noma, waɗansu don a bar su su yi addininsu yadda su ke so. Suka ture mutanen ƙasar na asali, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa, suka zama 'yan kaka-gida. Harshensu ɗaya da na mutanen Ingila, shari'arsu ɗaya, suna kuwa alfahari da cewa su talakawan Sarkin Ingila ne. To, ƙaƙa aka yi 'yan gida ɗaya suka zare wa juna takobi har shekara takwas?

Kafin mu ji amsa, sai mu san yadda zamansu ya ke tun farko. A yawancin yankunan Sarki ne ke naɗa gwamna, amma kowane yanki yana da majalisa tasa, wadda masu gonaki da masu dukiya na wurin ke zaɓen wakilanta. Ta Bajiniya tun 1619 ta fara zama. Ita wannan majalisa ita ke yanka wa jama'arta haraji, ita ke faɗin abin da za a yi da kuɗin, a wurare da dama ma ita ke ba gwamna albashinsa. Wanda kuwa albashinka ke hannunsa, da wuya ka ɗaga masa murya. Saboda haka gwamnoni suka saba da lallashi. Ingila tana nesa, jirgin ruwa mai filafilai ya kan yi wata ɗaya ko biyu a hanya, ga manyan Landan da harkokin gabansu. Aka yi shekara wajen 150 mutanen Amurka suna gudanar da al'amuransu na cikin gida da kansu, har suka ɗauka hakkinsu ne da suka gada.

Wurin da Ingila ta sa ido shi ne ciniki. Tun 1651 ta fara kafa dokoki cewa kayan yankunan nan ba za su tafi ba sai cikin jiragen mutanen Ingila ko na yankunan, waɗansu kaya kuma, kamar taba, ba a sayar wa kowa sai Ingila. A 1733 aka sa kuɗin fito, sisi a kan kowane galan na maɗin rake da a ke sayowa daga tsibiran Faransawa, wanda mutanen arewacin yankunan ke dafa barasa da shi. Amma dokar a takarda ta tsaya. Fatake suka riƙa fasa-ƙwauri, ma'aikatan kwastan suna karɓar na goro suna kau da kai. Kowa ya sani, ba wanda ya damu.

Abin da ya canja al'amari yaƙi ne. A arewa da yamma da yankunan akwai Faransawa, suna riƙe da Kanada, suna kuma so su mallaki kwarin kogin Ohayo. A 1754 aka yi karo a dajin nan, wani saurayi ɗan Bajiniya mai suna Joji Washinton shi ya ja mayaƙan ɓangaren Ingila. Wutar ta bazu har Turai da Indiya, ta zama abin da a ke kira Yaƙin Shekara Bakwai. Ingila ta ci birnin Kwibek a 1759, da aka zauna sulhu a Faris a 1763 kuwa Faransa ta sallama Kanada da duk ƙasar da ke gabas da kogin Misisifi. Mutanen Amurka suka yi ta murna, suna yi wa sabon sarkinsu, Joji na Uku, wanda ya hau gado a 1760, addu'ar tsawon rai.

Amma wanda ya ci zomo ya ci gudu. Kafin yaƙi bashin da a ke bin gwamnatin Ingila wajen fam miliyan 75 ne. Bayan yaƙi ya haura fam miliyan 120, kuɗin ruwansa kaɗai na cinye babban rabo na abin da ke shiga baitulmali. Ga kuma sabuwar ƙasa mai faɗi da za a tsare. A cikin 1763 ɗin nan kabilun Indiyawa suka tashi ƙarƙashin wani shugaba mai suna Pontiac, suka ƙone sansanoni da dama. Gwamnati ta yanke shawarar ajiye soja kamar 10,000 a Amurka, Sarki kuma ya yi shela cewa kada wani Bature ya ƙetare duwatsun Afalaciya ya kafa gona, don a zauna lafiya da Indiyawa. Wannan shela ta ɓata wa mutane da yawa rai, domin ƙasar da aka hana su ita ce suka yi yaƙi saboda ita, waɗansu manya ma, har da Washinton, sun riga sun sa rai da filaye a can.

Firayim Minista na lokacin, George Grenville, mutum ne mai son lissafi ya daidaita. Da ya duba littattafai sai ya tarar abin da a ke kashewa wajen biyan ma'aikatan kwastan na Amurka ya fi abin da su ke tarawa. Ya duba kuma ya ga talakan Ingila na biyan haraji ninkin ba ninkin na ɗan'uwansa na Amurka. Sai ya ce ai kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski: tun da don tsaron mutanen Amurka aka ajiye sojan, to, su ɗauki wani abu daga cikin nauyin. Gaskiya, in a kan lissafi kaɗai za a tsaya, maganarsa ba ta da aibu. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin baitulmali zai gane halin da ya shiga.

Ya fara da dokar sukari a 1764. Ya rage kuɗin fiton maɗi daga sisi zuwa taro, watau kobo uku na tsohon kuɗi, amma ya ce wannan karon sai an biya. Jiragen yaƙi suka shiga farautar 'yan fasa-ƙwauri. Wanda aka kama kuma ana iya kai shi kotun jiragen ruwa, inda alƙali ɗaya ke yanke hukunci. Wannan ya sosa musu rai, don a al'adar Ingila mutum 12 daga cikin jama'ar gari a ke zaunarwa su saurari shari'a, su ne za su ce mutum ya yi laifi ko bai yi ba. Maƙwabta kuwa ba su cika kama ɗan fasa-ƙwauri da laifi ba, abin da Grenville ya sani ke nan.

A watan Maris na 1765 Majalisar Dokokin Ingila ta zartar da wadda ta fi duka tada ƙura, Dokar Kan Sarki. Ta ce daga 1 ga Nuwamba kowace takarda mai muhimmanci sai an rubuta ta a kan takardar gwamnati mai hatimi, wadda a ke saye da kuɗi: takardar cinikin gona, da ta wasiyya, da ta ƙara a kotu, da lasin, da takardar fitar jirgi daga tasha, da jarida. Kartar wasa ma sai an biya sule guda a kan kowane ƙunshi. Wanda ya gama babbar makaranta zai biya fam 2 kafin ya karɓi takardar shaidarsa, lauya kuwa fam 10 kafin ya fara aiki. Kuma ba a karɓar kuɗin takarda na yankunan, sai tsabar azurfa ko zinariya, abin da ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar. Ana sa ran a samu fam 60,000 a shekara, wanda ko rabin kuɗin sojan bai kai ba.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya lura, don nan gindin maganar ya ke. Mutanen Amurka ba su ce ba za su biya haraji ba. Sun daɗe suna biya wa majalisunsu. Ba su kuma ce kuɗin ya fi ƙarfinsu ba. Abin da suka ce shi ne, tsohuwar ƙa'ida ce ta Ingila ba a ɗaukar dukiyar mutum sai da yardarsa ko yardar wakilin da ya zaɓa. Su kuwa ba su da wakili ko ɗaya a majalisar Landan. In majalisar da ba su da murya a cikinta za ta iya karɓar kobo ɗaya daga aljihunsu yau, me zai hana ta karɓi gonar gaba ɗaya gobe? Ministoci suka amsa cewa ai ko a Ingila akwai manyan garuruwa, kamar Mancesta da Bamingam, da ba su da wakili na kansu, amma suna biya, don kowane ɗan majalisa wakilin dukan talakawan Sarki ne. Mutanen Amurka suka ce wannan ba hujja ba ce. Ɗan majalisa in ya ɗora wa mutumin Mancesta haraji, ya ɗora wa kansa da maƙwabtansa. In kuwa ya ɗora wa mutumin Amurka, sauƙi ya samar wa kansa. A ganina a wannan gaɓa su ne da gaskiya, ko da ya ke ba za a rasa waɗanda asarar ribar fasa-ƙwauri ce ta fi damunsu ba, suka fake da maganar ƙa'ida.

Dokar ta faɗa daidai kan mutanen da bai kamata a tsokana ba, watau lauyoyi da masu buga jarida da fatake, masu baki da alƙalami da kuɗi. A majalisar Bajiniya wani lauya matashi, Patrick Henry, ya kawo shawara cewa ba mai ikon yanka wa mutanen Bajiniya haraji sai majalisarsu, jaridu suka baza maganar ko'ina. A birnin Boston abin ya wuce magana. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa: ba su iya kai wa Grenville ba, sai suka juya kan waɗanda aka naɗa su sayar da takardun. Ran 14 ga Agusta aka wayi gari an rataye mutum-mutumin Andrew Oliver, wakilin kan sarki, a jikin wata itaciya, da dare aka farfasa gidansa, kashegari ya ce ya ajiye aikin. Bayan kwana 12 taron ya afka gidan mataimakin gwamna, Thomas Hutchinson, aka wawashe shi, aka watsar da littattafansa da takardun tarihin da ya yi shekaru yana tarawa. Wannan ɓarna ce, ba wani suna da za a ba ta. Amma ta yi aiki, don kafin ranar fara dokar ta zo kusan duk wakilan kan sarki sun gudu ko sun tuba.

A watan Oktoba wakilan yankuna 9 suka taru a Niyu Yok suka rubuta wa Sarki takardar koke cikin ladabi. Ba ƙaramin abu ba ne wannan, domin a da yankunan ba su ga-maciji da juna, kullum rigimar iyaka da kishi. Fatake kuma suka haɗa baki suka daina sayen kayan Ingila. Nan fa masu masaƙu da attajiran Landan suka ji a jikinsu, suka dami majalisa da kuka. An riga an sauke Grenville, sabuwar gwamnati ta kira Benjamin Franklin, mutumin Filadalfiya da ke zaune a Landan, ya tsaya gaban majalisa ya amsa tambayoyi. A watan Maris na 1766 aka soke dokar. Amma a rana ɗaya aka zartar da wata, wadda ta ce majalisar Ingila tana da ikon yi wa yankunan doka a kan kowane al'amari, ba togiya. Mutanen Amurka suna cikin kaɗe-kaɗen murna, kaɗan ne suka kula da ita.

Tsugune ba ta ƙare ba. A 1767 ministan kuɗi, Charles Townshend, ya ce tun da harajin cikin gida su ke ƙi, bari a bi ta tashar jirgi. Ya sa kuɗin fito a kan gilashi da dalma da fenti da takarda da ganyen shayi. Dabarar da ke ciki ita ce, daga kuɗin nan za a riƙa biyan gwamnoni da alƙalai albashi, don su fita daga hannun majalisun yankuna. Mutane suka gane nan da nan. Aka koma ƙaurace wa kayan Ingila. Mata suka fito da mazari suna taruwa suna kaɗi, sa tufafin saƙar gida ya zama abin yabo. Da ma'aikatan kwastan suka kama jirgin wani babban attajirin Boston, John Hancock, a 1768, gari ya hargitse har suka gudu suka fake a wani tsibiri. Sai gwamnati ta aiko da soja, suka sauka Boston a watan Oktoba.

Soja a tsakiyar gari mai mutum wajen 16,000, a lokacin da ba yaƙi, ai an ajiye wuta kusa da auduga. Albashinsu kaɗan ne, in sun tashi aiki sai su nemi ƙodago da araha, suna ƙwace wa leburorin gari abinci. Yara na yi musu ature, ana dambe a lungu. Ran 5 ga Maris 1770 da dare, taro ya kewaye waɗansu soja a ƙofar ofishin kwastan, ana jifansu da ƙanƙara da sanduna. Aka buge ɗaya ya faɗi, bindigogi suka tashi. Mutum 5 suka mutu, cikinsu har da Crispus Attucks, ma'aikacin jirgin ruwa, wanda ke da jinin Afirka da na Indiyawa. Masu adawa da gwamnati suka buga hoton abin suka rarraba, suka kira shi kisan gilla. Abin yabo a nan shi ne lauyan da ya tsaya wa sojan a kotu, John Adams, yana cikin masu ƙin harajin, amma ya ce kowa na da hakkin a yi masa shari'ar gaskiya. Aka sallami hafsansu da soja 6, biyu aka same su da laifin kisa ba da niyya ba, aka yi musu lalas a babban yatsa. Shi wannan John Adams shi ya zama shugaban Amurka na biyu daga baya.

A ranar da aka yi harbin nan, can a Landan sabon Firayim Minista, Lord North, yana roƙon majalisa ta soke harajin Townshend, don asarar ciniki ta ninka abin da a ke samu. Aka soke duka sai na shayi, taro a kan kowace laba. An bar shi da gangan, don ya zama shaida cewa ikon yana nan. Ƙura ta lafa kamar shekara uku.

Shayin nan ne ya sake tada ita. Kamfanin Gabashin Indiya, wanda ke sayo shayi daga ƙasar Sin, ya tasam ma karyewa, ga ganye laba miliyan 17 jibge a sito ba mai saye. A 1773 majalisa ta yarje masa ya kai shayinsa Amurka kai tsaye, ya sayar ta hannun wakilansa. Da haka shayin zai yi araha, har ya kara da na fasa-ƙwauri da a ke kawowa daga Holan, amma taron nan yana kansa. Lord North ya zaci araha za ta rufe musu baki. Su kuwa suka ce tarko ne: in sun sha shayin sun amince da harajin. Fataken gari ma suka ga za a yi ciniki ba da su ba. A Niyu Yok da Filadalfiya aka mai da jiragen inda suka fito. A Boston kuwa Hutchinson, wanda a lokacin ya zama gwamna, 'ya'yansa biyu kuma suna cikin wakilan kamfanin, ya rantse jiragen ba za su fita ba sai an sauke kaya an biya fito. Ran 16 ga Disamba 1773, bayan babban taron gari, waɗansu mutane suka shafa baƙi a fuska, suka yi shigar Indiyawa, suka hau jirage uku, suka fasa akwati 342 na shayi suka zuba a teku. Kuɗinsa ya kusa fam 10,000. Ba su taɓa sauran kayan jirgin ba.

Da labari ya isa Landan, har masu goyon bayan Amurka suka rasa bakin magana. Majalisa ta ce sai an hori Boston don saura su ga aya. A 1774 aka rufe tashar jiragenta har sai an biya kuɗin shayin, alhali kuwa da tashar garin ke ci. Aka karɓe wa yankin Masacuset ikon zaɓen 'yan majalisar gwamna, aka hana taron gari fiye da sau ɗaya a shekara sai da izini, aka ce ma'aikacin Sarki in an tuhume shi da kisa ana iya kai shari'arsa Ingila. Aka kuma naɗa shugaban soja, Janar Thomas Gage, ya zama gwamna. A shekarar nan kuma aka miƙa ƙasar Ohayo ga lardin Kwibek, wanda ba shi da zaɓaɓɓiyar majalisa. Daga nan magana ta tashi daga haraji ta koma kan mulki ɗungum. Kowane yanki ya ga in an iya soke tsarin Masacuset da alƙalami ɗaya, nasa ma bai tsira ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Maimakon su guji Boston, sai ga shinkafa daga Karolina, ga tumaki da hatsi daga maƙwabta, ana aika wa mutanenta gudummawa.

A watan Satumba na 1774 wakilai 56 daga yankuna 12 suka taru a Filadalfiya, Jojiya kaɗai ba ta aiko ba. Har a lokacin ba su nemi rabuwa da Ingila ba. Sun nemi a soke dokokin, a koma yadda a ke kafin 1763, suka kuma yanke a daina ciniki da Ingila, aka kafa kwamiti a kowane gari don ya ga an bi. Waɗannan kwamitoci sannu a hankali suka zama su ne hukuma. Wanda ya saɓa, a buga sunansa a jarida, a daina hulɗa da shi, wani ma a shafe shi da kwalta a barbaɗa masa gashin kaza a zaga gari da shi. A ƙauyukan Masacuset manoma suka shiga rawar soja suna tara albarushi.

Ran 18 ga Afrilu 1775 da dare Janar Gage ya tura soja kamar 700 su je garin Konkod su lalata makaman da aka ɓoye. Asiri ya tonu, mahaya irin su Paul Revere suka bi dare suna tada mutane. Da asuba ran 19 sojan suka iske mayaƙan gari kamar 70 tsaye a dandalin Lekzintan. Aka yi harbi, mutanen gari 8 suka faɗi. A Konkod aka yi karo a kan gada, da sojan suka juya za su koma Boston kuwa, manoma suka yi ta ɓullowa daga bayan itatuwa da shingayen dutse suna harbinsu mil bayan mil. Kafin faɗuwar rana Ingila ta yi asarar mutum wajen 250, matattu da masu rauni. Jini ya zuba, bakin alƙalami ya bushe.

Duk da haka sai da aka ƙara fiye da shekara guda kafin a yi shelar 'yanci a fili. Wakilai suka sake taruwa a Filadalfiya, suka naɗa Washinton shugaban mayaƙa a watan Yuni, amma a watan Yuli suka sake aika wa Sarki takardar neman sulhu. Sarki Joji ya ƙi ko karɓarta. Ya yi shela cewa 'yan tawaye ne, gwamnatinsa ta shiga hayar soja daga sarakunan Jamus, waɗanda yawansu ya kai wajen 30,000 kafin yaƙin ya ƙare. Wannan ya kashe wa masu son sulhu jiki. A watan Janairu 1776 wani baƙo da bai daɗe da zuwa daga Ingila ba, Thomas Paine, ya buga ɗan littafi da harshe mai sauƙi, irin wanda manomi zai karanta ya gane, ya ce laifin ba na ministoci ba ne kaɗai, sarautar ce kanta, kuma ba daidai ba ne ƙaramin tsibiri ya mallaki babbar nahiya. Littafin ya shiga ko'ina, ana karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Ran 4 ga Yuli 1776 wakilan suka amince da takardar shelar 'yanci, wadda Thomas Jefferson ya tsara. Cikin laifuffukan da ta jera wa Sarki har da ɗora musu haraji ba da yardarsu ba.

Akwai wani abu da bai kamata a tsallake ba. Takardar nan ta ce dukan mutane daidai aka halicce su, alhali kuwa cikin mutum miliyan biyu da rabi na yankunan, wajen rabin miliyan bayi ne baƙar fata, su ko kakanninsu daga Afirka aka kwaso su. Jefferson da Washinton dukansu suna da bayi masu yawa. Masu kukan kada a taɓa musu taro ba da izini ba, su ne ke cin gumin wasu ba lada. Turawan Ingila suka ga kafa a nan. Tun Nuwamba 1775 gwamnan Bajiniya, Lord Dunmore, ya yi shela cewa duk bawan ɗan tawaye da ya gudo ya shiga rundunar Sarki ya 'yantu. Dubbai suka gudu cikin shekarun yaƙin, waɗansu baƙaƙen kuma suka yi yaƙi a ɓangaren Washinton. Yawancin kabilun Indiyawa da suka shiga yaƙin Ingila suka bi, don sun san wanda ke kwaɗayin ƙasarsu.

Labarin yaƙin kansa mai tsawo ne, sai dai a taƙaita. Da fari Washinton ya sha kashi, aka kore shi daga Niyu Yok. A watan Oktoba 1777 wata rundunar Ingila ta miƙa wuya a Saratoga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: Faransa, wadda ke neman ramuwar Kanada, ta ƙulla ƙawance da Amurka a 1778, Sifen ma ta shiga yaƙin a 1779. A 1778 ɗin nan majalisar Ingila ta yi doka cewa ta bar yanka wa yankunan haraji don tara kuɗi, ta soke na shayin. Ihu bayan hari. A watan Oktoba 1781 mayaƙan Washinton da na Faransa suka tsare Janar Cornwallis a Yoktawun, jiragen Faransa suka toshe masa teku, ya sallama. Ran 3 ga Satumba 1783 aka sa hannu a Faris, Ingila ta yarda yankuna 13 sun zama masu mulkin kansu.

Mutane wajen 60,000 da suka tsaya wa Sarki suka bar ƙasar, da yawa suka koma Kanada. Cikinsu akwai baƙaƙe kamar 3,000 da aka kai yankin Nova Scotia. Sanyi da rashin cika alkawarin gonaki suka dame su, a 1792 kusan 1,200 daga cikinsu suka shiga jirgi suka ƙetaro Afirka ta Yamma, suka kafa birnin Firitawun na Saliyo.

Sabuwar gwamnatin Amurka kuwa ta tashi da nata bashin yaƙin a wuya. A 1791, Washinton yana shugaban ƙasa, majalisar da jama'a suka zaɓa ta sa haraji a kan barasar da manoma ke dafawa da hatsinsu. Manoman yammacin Fensilbaniya suka ƙi biya, suka shafe masu karɓar haraji da kwalta, a 1794 suka ƙone gidan babbansu. Washinton ya tara mayaƙa wajen 13,000, ya hau doki ya raka su wani ɓangare na hanya. Kafin su isa masu boren sun watse. Aka kama waɗansu aka kai Filadalfiya, kotu ta yanke wa biyu hukuncin kisa, Washinton ya yi musu afuwa.